Yadda Na Bi Sawun Sunan MacGregor Har Inda Ya Ɓace

Da ƙanwata ta kawo maganar wanda take so ta aura, ba addininsa ne ya tsaya wa Baffa a rai ba, domin yaron ya musulunta tun yana jami'a, kafin ma su san juna. Abin da Baffa ya ce da ni a waya daga Zariya shi ne, "To, ɗan gidan wane ne? Kai ne a can, kai ne idonmu. Ba a ba da 'ya a cikin duhu." Tun rasuwar mahaifinmu shi ne waliyyi, kuma ba a yi masa musu. Na ce, "To Baffa, in sha Allahu za a bincika."

A gida an san hanyar. A shiga unguwa, a tuntuɓi liman, a zauna da tsofaffi, kafin la'asar an san kakan kakan yaro da sana'arsa. A Gilasgo kuwa maƙwabcinka ma ba lallai ya san sunanka ba. Abin da mutanen Sikotilan suke da shi takarda ce, kuma sun tara ta ba kaɗan ba.

Sunan gidan su yaron MacGregor. Ban yi masa ɓoye-ɓoye ba, na gaya masa aikin da aka ɗora mini. Ya yi dariya, ya ce shi kansa bai san abin da ya wuce kakansa ba, amma zai kai ni wurin wadda ta sani. Kakarsa ta wajen uba tana zaune a Stirling, tsohuwa ce mai tsananin tsafta da son hira. Ta ɗora shayi, ta hau bene, ta sauko da wani tsohon gwangwanin biskit wanda fentinsa ya goge. A ciki akwai hotuna, da katin rabon abinci na lokacin yaƙi, da takardar haihuwar marigayi mijinta, an ninke ta har ta fara rabewa a tsakiya, an liƙe da salatif da ya koma ruwan ƙasa. Ta sa yatsa a kan sunan ta ce, "Ɗana, ka gaya wa baffanka mutanen mijina daga tsaunukan Perthshire suka sauko, kuma jinin sarauta ne." Na ce, "To Kaka, na ji." Na ɗauki hoton takardar da waya.

Da wannan takarda guda na shiga shafin intanet na ScotlandsPeople, wanda hukumar adana takardun ƙasar take gudanarwa. Neman suna kyauta ne, amma buɗe hoton takarda sai ka biya, ko da yake a lokacin kuɗin bai kai fam biyu ba. Akwai kuma iyaka saboda sirrin masu rai: ba ka ganin hoton takardar haihuwa a intanet sai ta shekara 100, ta aure 75, ta mutuwa 50.

Tun ranar 1 ga Janairu 1855 doka ta wajabta rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Sikotilan. Sun makara a kan Ingila, wadda ta fara a 1837, amma da suka tashi sai suka yi abin da ya fi. Takardar mutuwarsu tana ɗauke da sunan uban mamaci da sana'arsa, da sunan uwarsa, har da sunan gidan da ta fito kafin aure. Takardar haihuwa kuma, in ka cire 'yan shekarun 1856 zuwa 1860, tana gaya maka ranar da iyayen suka yi aure da wurin da aka yi. Saboda haka kowace takarda tana miƙa ka ga ta bayanta. Daga haihuwa ka tafi auren iyaye, daga auren ka sami sunayen kakanni huɗu, daga nan ka nemi mutuwarsu. Na haɗa da takardun ƙidayar jama'a, waɗanda ake iya dubawa daga 1841 zuwa 1921. Ta 1841 tana da yaudara, don an rage shekarun manya an mayar da su biyar-biyar, mai 44 sai a rubuta 40. Ta 1851 ce ta fara faɗin gundumar cocin da aka haifi mutum, ita ce kuma ta fitar da ni daga birni ta kai ni ƙauye.

Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba. Abin da takardun suka nuna shi ne ma'aikacin jirgin ƙasa, ubansa masaƙi, uban masaƙin makiyayin tumaki a yammacin Perthshire. Babu sarki, babu ɓarawo. Talakawa ne masu neman na kansu.

Kafin 1855 ne ƙasa ta fara santsi. Babu rajistar gwamnati, sai kundayen coci, inda malamin coci ko magatakardansa yake rubuta baftismar jarirai da sanarwar aure. Mafi tsufa a cikinsu na garin Errol ne, daga 1553, amma a yankin tsaunuka da yawa ba su fara ba sai can cikin ƙarni na 18, wasu kuma ruwa ya ci, wasu ɓera. Daga 1783 zuwa 1794 gwamnati ta sa harajin kwabo uku a kan kowane suna da aka shigar, talakawa da dama suka ce a bar shi. Ga kuma al'adarsu ta sa suna: ɗan fari ya ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, 'yar fari ta ci sunan kakarta ta wajen uwa. Al'adar tana taimaka wa mai bincike, tana kuma rikita shi, domin a kwari guda sai ka tarar da 'yan'uwan juna barkatai masu suna ɗaya, sa'o'in juna.

Rubutun sunan ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Magatakarda yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne daga bakin mutumin da Gelik yake yi, harshen mutanen tsaunuka, ba Turanci ba. Na ga McGregor, na ga McGrigor, na ga M'Gregor, duk a kan mutum ɗaya. Masu cewa Mc na ƙasar Ayalan ne, Mac na Sikotilan, ba su taɓa buɗe kundin coci ba. Gajartawa ce kawai. Dabarar ita ce ka sa alamar tauraro a gurbin wasulan, shafin ya kwaso maka kowace siga.

Da na ga buɗe takardu ɗaya-ɗaya zai cinye mini albashi, sai na hau jirgin ƙasa zuwa Edinbara, ginin General Register House da ke ƙarshen titin Princes, bayan gunkin Wellington a kan doki. Nan kuɗin wuni kake biya, a ba ka kujera da kwamfuta, ka buɗe iya abin da idonka zai ɗauka. Ɗakin zagayayye ne, kundaye sun hau bango har sama, ba ka jin komai sai ƙarar madannai da tarin tsofaffi.

A nan na ci karo da layin da ya sauya aikin. Baftismar kakan makiyayin nan ce, a ƙarshen ƙarni na 18. Tawadar ta koma ruwan goro, rubutun a kwance, harafin s dogo kamar f. An rubuta jaririn a matsayin "lawful son", wato ɗan halal, abin da na san zai yi wa Baffa daɗi. Amma sunan uban ba MacGregor kaɗai ba ne. An rubuta "Drummond alias McGrigor", wato Drummond wanda kuma ake kira McGrigor. Na koma baya neman auren mutumin da sauran 'ya'yansa na farko. Can kuma Drummond ne zalla. MacGregor ya ɓace gaba ɗaya, ba a gidansu kaɗai ba, kusan a kundin duka.

Da na gaya wa Baffa da daddare, ya yi shiru, sannan ya ce, "Mutum ba ya ajiye sunan ubansa sai da dalili. Ko dai bashi, ko jini. Ka tono." Gaskiyarsa, jini ne. Sai dai ba na mutum ɗaya ba.

Na koma ɗakin karatu na Mitchell a Gilasgo. Littafin da kowa yake farawa da shi na George F. Black ne a kan sunayen gidajen Sikotilan, wanda ya fito a 1946, daga nan na shiga littattafan tarihin dangin. Sunan a Gelik MacGriogair ne, ɗan Griogair, shi kuma Griogair sunan Kirista ne da ya zo daga Gregorius na Latin. Dangin suna cewa sun fito daga gidan Alpin, mahaifin Sarki Kenneth na Sikotilan wanda ya mutu a 858, kuma kirarinsu ma yana cewa zuriyarsu ta sarauta ce. Daga nan Kaka ta samo maganarta. Masana tarihi ba su sami takardar da ta tabbatar da haka ba. Abin da ake da shi shi ne wani Gregor da ya rayu a ƙarni na 14, wanda aka rubuta mutuwar ɗansa John a Glen Orchy a 1390. Asalin mazauninsu kwaruruka ne a gabashin Argyll: Glen Orchy, Glen Strae, Glen Lochy.

Matsalarsu ta faro ne daga ƙasa. Suna zaune a kanta kaka da kakanni amma ba su riƙe takardar mallaka daga sarki ba. Maƙwabtansu 'yan Campbell kuwa sun iya fada, sun iya takarda. A 1432 wani reshe na Campbell ya karɓi Glen Orchy, sannu a hankali masu ƙasa suka koma 'yan haya a ƙasarsu. Da farko ma tare suke, MacGregor ne ke yi wa Campbell yaƙi yayin da suke faɗaɗa zuwa Perthshire. Da suka ɓata sai abin ya yi muni: a 1570 Colin Campbell na Glenorchy ya sa aka fille kan matashin shugabansu, Gregor Roy. Mutanen da aka raba da gona, ga makami a hannu, ga shanun maƙwabta a fili, ba sai an gaya maka abin da ya biyo baya ba. Ba na wanke su. A 1589 sun kashe John Drummond, mai kula da dajin farautar sarki a Glen Artney, suka kai kansa cocin Balquhidder, dangi suka ɗora hannu a kai suka rantse za su ɗauki laifin tare.

Ranar 7 ga Fabrairu 1603 suka gwabza da dangin Colquhoun a Glen Fruin, kusa da tafkin Lomond. Shugaban Colquhoun yana riƙe da izinin sarki na murƙushe su, amma shi aka murƙushe, aka kashe masa kimanin mutum 140, aka kora dabbobi. Sarki James na shida na Sikotilan yana shirin tafiya Landan ya hau gadon Ingila bayan mutuwar Sarauniya Elizabeth. Ranar 3 ga Afrilu, kwana biyu kafin ya tashi, majalisarsa ta zartar da cewa an soke sunan MacGregor. Duk mai ɗauke da shi ya ajiye ya ɗauki wani, in ya ƙi hukuncinsa kisa.

Shugaban dangin, Alasdair na Glenstrae, ya miƙa kansa ga Archibald Campbell, mai sarautar Argyll, bisa alkawarin za a kai shi Ingila ya kai kukansa gaban sarki. An kai shi, har aka tsallaka da shi iyaka a Berwick, sannan aka juyo da shi Edinbara. Alkawari ya cika ke nan. A watan Janairu 1604 aka rataye shi a kasuwar birnin tare da wasu manyan danginsa.

Dokokin da suka biyo baya sun fi ratayar ban tsoro a wurina. An hana su taruwa fiye da mutum huɗu. An hana su riƙe makami sai wuƙar cin nama marar tsini. Mai laifi yana iya sayen afuwa da kan ɗan MacGregor. A 1611 aka ba da umarnin a yi wa matansu lalas a fuska da makulli mai zafi. A 1633 majalisar dokoki ta hana malaman coci yi wa yaro baftisma da sunan, wanda ya yi a tuɓe shi. Da na karanta wannan sai na gane abin da na gani a kundin. Magatakardan bai manta ba. Doka yake bi.

Sarki Charles na biyu ya ɗage haramcin a 1661 saboda sun tsaya wa gidansa a yaƙi, aka mayar da shi a 1693 zamanin Sarki William, bai tashi gaba ɗaya ba sai 1774. A shekarar ce kuma aka aza harsashin ginin nan na Edinbara da na zauna a ciki ina neman sunan. Tsakanin nan mutane sun rayu a ƙarƙashin Murray, Graham, Stewart, Grant, Campbell, Drummond. Galibi mutum yakan ɗauki sunan uwarsa ko na mai ƙasar da yake haya a kanta, domin sunan inuwa ce: wanda ka ɗauki sunansa shi zai tsaya maka. Yammacin Perthshire ƙasar gidan Drummond ce, shi ya sa jikokin waɗanda suka fille kan wani Drummond suka wayi gari suna amsa sunansa. Ba ƙananan mutane kaɗai ba. Alexander na Balhaldie, wanda wasu manyan dangin suka zaɓa shugaba a asirce a 1714, Drummond yake sa hannu. Wanda ya zama shugaba bayan ɗage haramcin kuma da sunan John Murray na Lanrick aka san shi.

Wata Asabar ni da yaron da ƙanwata muka tuƙa zuwa Balquhidder, ta Callander. Ƙaramin wuri ne, kangon tsohon coci, da sabo a gefensa, da tafkin Voil a ƙasa. Nan kabarin Rob Roy yake, wanda ya fi kowa suna a dangin. An haife shi a 1671, lokacin da sunan yake halal, yana saurayi aka sake haramta shi, sai ya koma Robert Campbell da sunan gidan uwarsa. Dillalin shanu ne da ya ci bashin mai sarautar Montrose, kuɗin suka salwanta, aka ayyana shi ɗan tawaye a 1712, ya koma karɓar kuɗin kariya daga masu shanu. Ya mutu a kan gadonsa a ƙarshen 1734. Duwatsun kabarin a kwance suke, an kewaye su da ƙaramin shingen ƙarfe, baƙi sun watsa sulalla a kai, ruwan sama ya sa sun yi tsatsa. A kan allon da aka ƙara daga baya an rubuta cewa shi MacGregor ne ko sun ƙi ko sun so. Yaron ya daɗe a tsaye, hannu a aljihu. Ƙanwata ta ce, "Yaya, kar dai ka ce wa Baffa wannan ne kakansa." Na ce ba ni da takardar da ta ce haka, kuma ko ina da ita sai na yi tunani.

A nan ne nake ganin mutane da yawa suke yaudarar kansu. Tarihin sunan daban, tarihin gidanka daban. A tsarin dangin tsaunuka, wanda ya zauna a ƙasar shugaba ya bi shi yaƙi yana iya amsa sunansa ko babu jini. Masu binciken ƙwayar halitta ta wajen uba sun nuna cewa masu sunan MacGregor na yau ba duka daga mutum ɗaya suka fito ba. Bayan 1774 wasu sun koma sunan, wasu sun riga sun saba da na aro suka zauna a kai, shi ya sa akwai Murray da Drummond da jininsu na MacGregor ne ba su sani ba. A 1822 kuma, da Sarki George na huɗu ya ziyarci Edinbara, dangin da aka farauta jiya su aka ba rakiyar kambin sarautar ƙasar, aka kafa ƙungiyar dangin a shekarar, abin ya zama ado. Kantunan 'yan yawon buɗe ido suna sayar da allo mai tambari da sunan gidanka a kai, ko wane ne kai. A dokar Sikotilan, wadda kotun Lord Lyon ke kula da ita, babu tambarin gida. Na mutum ɗaya ne, mabiyansa dai suna iya maƙala alamar shugaba a cikin zoben ɗamara. Ban sayi allon ba.

Abin da na rubuta wa Baffa bai wuce shafi biyu ba. Na jera sunaye daga yaron zuwa mutumin nan mai suna biyu, kowa da sana'arsa da garinsa, na nuna cewa kowannensu an haife shi ne cikin aure. Na bayyana dalilin sauyin sunan. Maganar sarauta na ce faɗar dangi ce, takarda ba ta kai can ba. Ya sa aka karanta masa, ya kira ni ya ce, "Ashe gwamnati ce ta zalunce su. To ai wannan ba abin kunya ba ne. Makiyaya ne, masaƙa ne, an san sana'arsu. A turo magabatansa." Da na gaya wa Kaka ban sami sarki ba, ta ce ban duba da kyau ba ne, ta ƙara mini shayi.

Uban mutumin mai suna biyu har yanzu ba a tantance shi ba. Akwai Drummond biyu a gundumar da shekarunsu suka dace, sunansu ɗaya, kuma kundin bai ce wanne ne MacGregor a ɓoye, wanne ne Drummond na asali ba. Hanya guda ta rage. Bayan tawayen da aka yi wa sarkin Birtaniya a 1745, gwamnati ta ƙwace ƙasar gidan Drummond na Perth saboda sun goyi bayan 'yan tawaye, wakilanta suka bi gona-gona suna rubuta sunayen 'yan haya da abin da kowa ke biya. Takardun suna Edinbara. Yayar angon ta karɓi aikin daga hannuna bayan biki, na tura mata sunayen gonakin biyu da hotunan shafukan da na tsaya a kai.